Ina dirzar haƙorana don su yi fari, sai ƙara rawaya suke, yanzu ko ruwan sanyi ba na iya sha

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 32. Tun ina budurwa haƙorana ba su da fari sosai, amma 'yan shekarun nan sai na ga suna ƙara rawaya, musamman fiƙoƙina da wajen gindin haƙoran. Abin ya dame ni har na daina sakin dariya a cikin mutane. Na ga wani bidiyo a intanet ana haɗa ruwan lemun tsami da bekin soda a goge haƙori, sai na fara. Na ƙara da buroshi mai tauri da garin gawayi irin wanda ake tallatawa don farin haƙori. Watanni ke nan ina dirza safe da dare, wani lokaci har da rana. Da farko kamar sun yi haske, daga baya suka koma fiye da da. Yanzu da ruwan sanyi ya taɓa su sai in ji zafi ya tsarga mini har ka, sannan ya ɗauke nan take. Ko iska mai sanyi na ja ta baki haka ne. Na duba a madubi ban ga rami ko baƙi ba. Yayata ta ce jijiyar ce ta mutu, in je a cire waɗanda suka fi damuna. Ƙawata kuma ta ce in je asibiti a yi mini farin haƙori kawai. Mijina bai san ina wannan haɗin ba, kuma ina jin kunyar likita ya gane ni na jawo wa kaina. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kafin komai, lemun tsamin nan da garin gawayin da buroshin mai tauri, ki rabu da su daga yau. Kada ki ce bari ki ƙarasa wanda ya rage a kwalba. Maganar cire haƙori kuma ki ajiye ta gefe, farin haƙori na asibiti shi ma ba lokacinsa ba ne yanzu.

Ki gaishe mini da yayarki, amma a nan ba ta yi daidai ba. Haƙorin da jijiyarsa ta mutu ba ya jin sanyi sam. Hasali ma da sanyi likitocin haƙori suke gwadawa: su ɗora 'yar auduga mai sanyi ƙarara a kan haƙori, in mutum ya zabura sun san da rai a ciki, in bai ji komai ba sai hankalinsu ya tashi. Zafin da kika kwatanta, mai zuwa da kaifi ya tafi da zarar sanyin ya wuce, alama ce ta haƙori mai rai wanda aka yaye masa rufi. Likita ne zai tabbatar bayan ya duba bakin, amma yadda kika ba da labarin, can ya dosa.

Abin da nake so ki fahimta shi ne rawayar da kike yaƙi da ita da zafin da kike ji yanzu daga wuri ɗaya suke fitowa, wato wani sashe na haƙori da ake kira dentin. Mutane da yawa sun ɗauka haƙori dunƙulallen abu ne fari tun daga waje har ciki. A gaskiya hawa-hawa ne. Daga waje akwai inamel, ɓawon nan mai ƙyalli da ya rufe sashen da ake gani a baki. Shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne zalla, kuma babu jijiya ko jini a cikinsa. A can tsakiya akwai ɓargon haƙori, tsoka mai laushi inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Tsakanin waɗannan biyun dentin yake, kuma shi ne mafi yawan jikin haƙorin, tun daga sama har ƙarshen saiwa. Hauren giwa da ake sassaƙawa, kusan dukansa dentin ne.

Haɗinsa ya sha bamban da na inamel. In aka auna da nauyi, wajen kashi 70 cikin 100 ma'adini ne, irin na kalsiyam da fosfet da ake kira haidroksiyafatait. Wajen kashi 20 furotin ne da dangoginsa, mafi yawansa kolajin, zaren nan da ke cikin fata da ƙashi. Sauran kashi 10 ruwa ne. Wannan kolajin da ruwan su suka ba shi ɗan sassauci, kuma da amfaninsa: inamel mai tauri ne amma mai saurin tsagewa, dentin ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ke shanye ƙarfin tauna, yana kuma tsayar da tsaga in ta taso daga sama kafin ta ratsa haƙorin. Sai dai abin da ya fi sassauci ya fi saurin cinyewa. Kuma launinsa na asali rawaya ne.

Inamel ba fari ne fat ba, haske yana ratsa shi. Kamar ki ɗora gilashi mai ɗan dishi-dishi a kan takarda mai launin rawaya ne. In gilashin yana da kauri, launin takardar zai dusashe. In kika yi ta kankare shi yana sirancewa, takardar za ta ƙara bayyana, duk yadda kika wanke shi kuwa. Wuraren da kika ambata da kanki sun tabbatar da haka. Fiƙa ta fi sauran haƙoran gaba kaurin dentin, shi ya sa a bakin kusan kowa ta fi maƙwabtanta duhu. A gindin haƙori kuma, kusa da dasashi, inamel ya fi ko'ina siranta. Ga kuma shekaru: dentin ba ya daina ƙaruwa daga ciki muddin haƙorin yana da rai, a hankali a hankali, yayin da inamel ke raguwa daga waje. Saboda haka haƙorin mai shekara 32 ba zai yi hasken na mai shekara 15 ba ko da bai taɓa shan wani abu mai rini ba. Akwai rawayar da datti ce a saman haƙori, irin ta shayi da kofi da taba, wannan tana fita da goga. Taki daga ciki take haskowa, buroshi ba ya kaiwa gare ta.

To me haɗin naki ya yi? Ana auna tsami da ma'aunin pH, inda 7 take tsaka-tsaki, kuma duk sa'ad da lambar ta yi ƙasa tsamin ya ƙaru. Inamel yana fara narkewa in tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3. Da ya zauna a kan haƙori sai saman inamel ya yi laushi, ke kuma a daidai lokacin kika bi shi da buroshi mai tauri da gari mai kaushi. Abin da yawu zai iya gyarawa in an bar shi, sai aka share shi gaba ɗaya. Hasken da kika gani a makonnin farko na gaske ne, dattin sama ne ya fita, ga kuma fuskar haƙorin da tsami ya ci tana yin wani fari-fari kamar an shafa alli. Wannan ne yake yaudarar masu kallon irin bidiyon nan, domin ana ɗaukar hoton ne a ranar farko, ba wanda yake dawowa bayan wata shida ya nuna bakinsa. In za a yi adalci, bekin soda ita kaɗai ba ta da kaushi sosai, tana ma cikin wasu man goge baki masu kyau. Babban mai laifi lemun tsamin ne da ƙarfin hannunki. Gawayi kuwa, a 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buga wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a kansa, ba a sami isasshiyar hujjar cewa yana da amfani ko ba ya cutarwa ba. Yawancin irinsa ma babu fulorayid a ciki, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori.

Yanzu ga inda zafin yake. Dentin ba toshe yake ba. Cike yake da ƙananan bututu, miliyoyi a haƙori ɗaya, kowanne ya taso daga ɓargo ya nufi waje. Tun a shekarun 1670 wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya hango su da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa. Ido ba ya ganinsu. Kusa da ɓargo faɗin kowanne wajen maikiromita 2.5 ne (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato silin gashin kai ɗaya ya ninka shi kauri sau ashirin ko fiye, can kusa da inamel kuma ya tsuke zuwa ƙasa da maikiromita ɗaya. Yawansu ma haka: a fili mai faɗin milimita ɗaya da tsawon milimita ɗaya, ana samun wajen 45,000 kusa da ɓargo, wajen 20,000 a can waje. Ki lura da ma'anar wannan. Duk yadda cinyewar ta ƙara zurfi, bututun da ake tararwa sun fi faɗi kuma sun fi yawa.

A bakin kowane bututu ta ciki akwai ƙwayar halitta mai suna odontobilas. Su ne suka gina dentin tun farko. Suna jere a bangon ɓargo, kowacce ta miƙa wani siririn hannu cikin bututunta, sauran wurin kuma ruwa ne ya cika shi. Jijiyoyin jin zafi suna nan kusa da su, a bakin bututun da ɗan abin da ya shiga ciki kaɗan. Ba su kai can waje ba. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: ta yaya za a taɓa saman dentin, inda babu jijiya, mutum ya yi tsalle?

Amsar da aka fi yarda da ita yau ta fito ne daga wani likitan haƙori ɗan Suwidin, Martin Brännström, a shekarun 1960. Ya nuna cewa motsin ruwan da ke cikin bututun ne yake tayar da jijiya. Sanyi yana sa ruwan ya tsuke ya zabura waje da sauri. Iska tana busar da bakin bututun, ruwan ciki ya taso ya maye gurbi. Abu mai zaƙi sosai yana janyo ruwan waje. A cikin gwaje-gwajensa har da ɗora busasshiyar takarda mai tsotsar ruwa a kan dentin da aka buɗe, mutum ya ji zafi, a ɗora jiƙaƙƙiya kuma bai ji ba. Jijiyoyin da wannan motsi yake taɓawa irin masu kai saƙo da sauri ne, shi ya sa zafin yake zuwa da kaifi lokaci guda. Da ruwan ya natsu sai ya ɗauke. Abin da kike ji ke nan in kin kurɓi ruwan sanyi ko kin ja iska ta baki.

Ba duk wanda dentin ɗinsa ya bayyana ne yake jin zafi ba. Sai abu biyu sun haɗu: rufin ya tafi, kuma bakin bututun a buɗe yake. Sau da yawa akwai wani siririn lulluɓi na ɓurɓushin ma'adini da furotin da ke toshe su. Tsami yana wanke wannan lulluɓin cikin sauƙi, kuma dentin ba ya jure tsami kamar inamel, tun daga wajen 6.5 yake fara narkewa. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a 1987 ya kwatanta haƙora masu wannan zafi da marasa shi, aka ga masu zafin sun fi yawan buɗaɗɗun bututu kusan sau takwas, faɗin bututun kuma ya kusan ninka biyu. Ninki biyu kamar ba wani abu ba ne, amma a lissafin gudun ruwa cikin bututu, in faɗi ya ninka biyu, ruwan da ke iya wucewa yana ninka sha shida. Kullum safe da dare kina buɗe su kina ƙara musu faɗi.

Ki koma gaban madubi da haske mai kyau, amma wannan karon kada ki nemi rami ko baƙi. Ɗaga leɓenki ki dubi inda haƙori ya haɗu da dasashi, musamman fiƙoƙi da haƙora biyu da ke bayansu. Duba ko dasashin ya ja baya har haƙorin ya zama kamar ya ƙara tsawo, ko akwai wani zirin da ya fi sauran rawaya a gindin. Ki bi wurin da farcenki a hankali, mai yiwuwa ki ji wani ɗan kwari mai santsi da farce yake faɗawa. In da hannun dama kike goga, galibi ɓangaren hagu ne ya fi cinyewa, don can hannu ya fi samun ƙarfi. Saiwar haƙori ba ta da inamel. Abin da ya rufe ta wani siririn ɓawo ne mai suna simentum, wanda a wuyan haƙori bai kai kaurin silin gashi ba. Da dasashi ya ja baya, buroshi mai tauri yana gamawa da shi cikin ɗan lokaci.

Akwai abin da ba zai dawo ba, gara in gaya miki. Ƙwayoyin halittar da suka gina inamel suna ƙarewa ne tun lokacin da haƙori ya fito, don haka wanda ya tafi ya tafi. Dasashin da ya ja baya shi ma ba ya komawa da kansa. Amma dentin yana da masu kula da shi. In aka daina takura masa, odontobilas suna shimfiɗa sabon dentin ta ciki a daidai wurin da ake jin ciwon, su ƙara nisa tsakanin waje da jijiya. Bututun suna tsukewa da ma'adini, yawu kuma yana kawo kalsiyam da fosfet yana toshe bakinsu ta waje. Aikin ba ya sauri, na makonni da watanni ne, amma mutane da yawa suna samun sauƙi sosai ba tare da an yi musu wani babban aiki ba.

Naki aikin shi ne ki ba shi dama. Ki nemi buroshi mai laushi, ki riƙe shi da 'yan yatsu maimakon ki damƙe shi a tafin hannu, ki ɗan karkata shi wajen dasashi kina juyawa a hankali, minti biyu, sau biyu a rana. In bakin buroshinki yana bajewa cikin 'yan makonni, hannunki ya yi nauyi. Man goge baki kuma ki nemi na haƙora masu jin sanyi, ki juya bayan kwalin ki karanta. Iri biyu ne. Akwai masu potassium nitrate, galibi kashi 5 cikin 100, waɗanda ke kwantar da jijiyar. Akwai masu toshe bututun, irin masu stannous fluoride ko arginine ko strontium. Kowanne kika samu, ki tabbata fulorayid ɗinsa ya kai 1350 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawansa a cikin man, a rubuce yake a jiki. Da dare bayan kin goge, ki lakaci kaɗan a yatsa ki shafa a gindin haƙoran da suka fi damunki. Ki tofar da kumfar amma kada ki kurkure da ruwa, don kurkurewar tana wanke maganin. Ki ba shi mako biyu zuwa huɗu kafin ki yanke masa hukunci, mutane da yawa suna yarwa bayan kwana uku su ce ba ya aiki. Kafin nan ki riƙa goga da ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Abubuwan sha masu tsami da masu gas, har waɗanda aka rubuta babu sukari, ki rage su, kuma in za ki sha ki sha lokaci ɗaya, kada ki yi ta kurɓa tsawon yini. Bayan kin sha ko kin ci abu mai tsami, kurkure da ruwa ki jira kamar awa ɗaya kafin buroshi. In kina fama da ƙwannafi ko yawan amai, ki faɗa wa likita, domin ruwan ciki ya fi lemun tsami ƙarfi kuma yana cin haƙora ta bayansu inda ba kya gani. Ki tambayi maigidan ko yana jin kina cizon haƙora cikin barci. Wannan tambayar ma za ta buɗe miki hanyar gaya masa sauran labarin, wanda ni ban ga abin ɓoyewa a cikinsa ba. Kin so gyara ne aka ba ki gurguwar shawara.

Kunyar likita kuwa, ki cire ta. Da ya ɗaga leɓenki zai gane, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba, kuma ba ke ce ta farko da zai gani a makon ba. Faɗa masa abin da kika yi amfani da shi da tsawon lokacin zai rage masa lalube. Zuwan dole ne, saboda ramin da ke tsakanin haƙora biyu, da tsagar da ido ba ya gani, da tsohon ciko da ya saki, da ciwon dasashi, duk suna iya kawo irin wannan zafin, madubin ɗakinki kuma ba zai nuna su ba. In ya tabbatar dentin ne ya buɗe, yana iya shafa miki fulorayid mai ƙarfi irin na asibiti, wanda ya ninka na man goge baki fiye da sau goma, ko ya rufe wurin da wani siririn gam na haƙori, ko ya cike kwarin da ciko mai launin haƙori in ya yi zurfi. Inda dasashi ya ja baya sosai akwai aikin da ake yi a rufe saiwar da tsoka. Cire jijiya shi ne matakin ƙarshe, kuma ba kasafai ake kaiwa can ba.

Amma kada ki jira makonni huɗun nan in kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: zafin ya daina ɗaukewa nan take yana jan rabin minti ko fiye, ko yana tashinki da dare ba tare da kin sha komai ba, ko abu mai zafi ya fi mai sanyi tayar da shi, ko haƙori ɗaya tak ne ke ciwo in kin tauna, ko kumburi ya fito. Wannan yana nuna ɓargon kansa ya kamu, man goge baki ba ya maganinsa.

Ƙawarki ta fi yayarki kusa da gaskiya, lokaci ne kawai ta kuskure. Farin haƙori na asibiti da sinadarin feroksayid ake yinsa, kuma yana aiki ne saboda yana ratsa inamel ya kai ga dentin ya sauya launin daga can, abin da goga ba za ta taɓa yi ba. Sai dai ta wannan hanyar yake bi ya kai kusa da ɓargo, shi ya sa ko masu lafiyayyun haƙora da yawa suke jin irin wannan zafin na 'yan kwanaki bayan an yi musu. A bakin da bututunsa suke buɗe, azaba za ki sha. Ki bari zafin ya kwanta tukuna, likita ya duba yawan inamel ɗin da ya rage, sannan ku yi maganar. In har za a yi miki ciko a gindin haƙoran gaba kuma kina da niyyar farin, ki gaya masa tun kafin ya fara, domin ciko ba ya canza launi da feroksayid. Yadda aka saba, in wurin zai iya jira, ana fara yin farin, a dakata kamar mako biyu launin ya zauna, sannan a zaɓi cikon da ya dace da sabon launin.